Gishiri da Laka: Abin da Ke Riƙe Ƙarfin Ƙasa da Abin da Ke Cinye Shi

Ƙarfin gona yana fitowa ne daga ruɓaɓɓun abubuwa: kashin dabbobi, kara, ganye da saiwoyi da suka narke cikin ƙasa. Su ke riƙe danshi da abincin shuka. Daɗewarsu a gona kuwa ta danganta da irin lakar da ke wurin da yawan gishirinta.

Laka ce rumbun taki

A jigawa, taki ba ya daɗewa, zafi da ruwa sukan cinye shi da wuri. Laka kuwa tana manne wa ruɓaɓɓen taki, ta adana shi shekaru. Amma laka iri-iri ce. Ta jar ƙasar tudu, wadda masana ke kira kawolinayit, riƙonta kaɗan ne, don haka tana son taki akai-akai. Baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin ta yankin Tafkin Chadi inda ake noman masakwa, ita ce simektayit, kuma ta fi riƙo nesa ba kusa ba.

Ɓarnar gishiri

An fi ganin matsalar a gonakin noman rani. Ruwan da aka ba shuka yakan ƙafe ya bar gishirinsa, musamman inda babu magudanar ruwa. Alamarsa farin ɓawo a kan kunya. Illarsa uku ce:

1. Shuka na shan ruwa da ƙyar ko da ƙasa na jiƙe, sai ta tsumbure. Ka ga kenan kara da saiwar da za su koma ƙasa sun ragu.
2. Ƙananan halittun da ke ruɓar da taki suna raunana, taki ya ƙi sakin amfaninsa.
3. In gishirin mai kanwa ne, sinadarin sodiyam yakan warware lakar, ta saki takin da ta riƙe. Sai baƙin tabo ya fito a sama, ƙasa ta daskare kamar faƙo. Baƙar laka mai kumbura ta fi shan wannan wahalar.

Abin yi

A kai samfurin ƙasa gwaji. Awon gishiri sama da 4 dS/m matsala ce, pH sama da 8.5 kuwa alamar kanwa ce.

A fara gyara magudana kafin a zuba taki, sannan a wanke gishirin da ruwa mai kyau. Wannan aikin gayya ne, ƙungiya ta yi shi tare, domin ruwan gonar sama a ta ƙasa yake kwana.

Ƙasa mai kanwa tana buƙatar jibsam kafin wanki. Kada a zuba mata toka.

A bar ƙona kara, a shimfiɗa shi a kan ƙasa don rage ƙafewar ruwa.

Albasa da wake ba sa jure gishiri. Alkama da auduga sun fi juriya, su za a shuka kafin gona ta farfaɗo.