Birni: Ganuwa Ce Kafin Ta Zama Gari

Wanda ya ji an ce Sabon Birni zai zaci katafaren gari ne irin Kano. Da ya isa can gabashin Jihar Sakkwato sai ya tarar da garin manoma a bakin Gulbin Rima, masu noman gero da damina da albasa da rani, suna cin kasuwa da maƙwabtansu na Isa da na Maraɗi. To, ina birnin?

A tsohuwar Hausa, birni gari ne da aka zagaye da ganuwa, har ita ganuwar ma ana kiranta birni. Ba yawan jama'a ke kawo sunan ba, katanga ce da ƙofofi da sarki a ciki. Masana harshe da dama na ganin daga Barebari aka aro kalmar, masu Birnin Ngazargamu.

Gobirawa kuwa sun sha gina birane suna barinsu. Sun zauna Birnin Lalle, suka koma Alƙalawa, wadda mayaƙan jihadi suka ci a 1808. Daga baya suka kafa Tsibiri, sannan wani reshe na gidan sarautar ya ɓalle ƙarƙashin Ɗan Halima ya gina nasa garin, wato Sabon Birni. Shi ne "sabon", domin akwai tsofaffin da aka baro.

Yau ma'anar kalmar birni ta sauya. Abuja ba ta da ganuwa amma birni ce, kuma "ɗan birni" wayayye ne, wani sa'in ma mai wayon tsiya. A ganina mutanen Sabon Birni sun fi kowa cancantar sunan, tunda su ke riƙe da ma'anarsa ta farko.