Daga Dorina Zuwa Langa: Kalmomin da ke Sulalewa

Mu da muka yi karatun allo da na firamare a ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan wajen ƙarshen shekarun 1980, mun tashi da kalmomi iri biyu: na kuka da na dariya.

Bari mu fara da na kuka. A makarantar allo dorina ce sarauniya. Ta samo sunanta ne daga dabbar ruwan nan, domin da fatarta ake yin bulalar tun asali. Ƙanwarta ita ce tsumagiya, wadda akan aiki mai laifi ya karyo da hannunsa daga jikin tsamiya. Gagararre kuwa sai mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, sai gwale-gwalen boko ya shiga ƙauyuka: kamun kunne, tsallen kwaɗo da tuƙin babur, inda yaro zai zauna a kan iska ya miƙe hannuwa har cinyoyinsa su ɗauki rawa.

Na dariya kuwa a dandali suke, musamman da farin wata. Maza su yi langa, kowa riƙe da ƙafa ɗaya, dawaki suna kare ruwa har ya sha. 'Yan mata su yi gaɗa, da rana kuma carafke da 'yar gala-gala. Azumi ya yi kwana 10, sai tashe.

Kwanan baya mun jarraba wani aji na ɗalibanmu. Duk sun san dorina bulala ce, amma ba wanda ya san dabba ce. Ruwan langa kuwa, sun zaci na sha ne.

Ba kewar duka muke yi ba. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. Wannan ya isa darasi. Mari ya tafi, amma sunansa ya zauna a takarda don na baya su san abin da aka yi. A Sikotilan an hana duka a makarantun gwamnati tun 1987, amma sunan bulalar fatarsu yana nan cikin ƙamus. Mu ma Bargery ya yi mana irin wannan aiki a 1934, saura namu.

'Yan'uwa marubuta, tsofaffin da suka san dokokin waɗannan wasanni suna nan a Hunƙuyi da kasuwar Maƙarfi. Mu ɗauki alƙalami mu same su, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.