Gwajin man inji: a yi shi a gida ko a aika waje?

Jama'a, kamar yadda likita ke ɗibar jini ya gano ciwo, haka ake ɗibar man da ke cikin inji a gane lafiyarsa tun bai tsaya ba. Zancen ya shafi masu manyan injina: janareton ba da wuta irin na tashar Goru Banda a Yamai, injinan haƙar ma'adinai a Arlit, masana'antar siminti ta Malbaza, har da masu jerin manyan motocin dakon kaya a Maraɗi da Damagaram.

Me ake dubawa? Ana ɗibar mai kamar mililita 100, inji na da zafi, a kwalba mai tsabta. A auna kaurinsa a zafin digiri 40 ko 100, a nemi ruwa ko gazuwal da ya zurara ciki, sannan a ƙirga ɓurɓushin ƙarfe, tagulla da dalma da injin ya ci daga jikinsa. A nan ƙasarmu abin da ya fi tona asiri shi ne sinadarin silikon: in ya hau, galibi ƙura ce ke shiga ta matatar iska da ta huje ko ba ta zauna daidai ba. Lokacin hunturu kuwa kun san ƙura ba ta wasa.

Amfanin ɗakin gwaji na cikin gida shi ne sauri. Sakamako na fita a yinin, a tsai da inji kafin ya kama. Amma fa akwai nauyi. Na'urar da ke ƙirga ƙarafa tana son iskar argon, wutar da ba ta yankewa, ɗaki mai sanyi, da ma'aikacin da ya ƙware, kuma dole a riƙa daidaita ta a kai a kai. In kwalabe goma kawai kake gwadawa a wata, kuɗin ba ya fita.

Ɗakin gwaji na waje ya fi kayan aiki, kuma ba ruwansa da kare kuskuren wani a ma'aikatarka. In gardamar garanti ta taso tsakaninka da wanda ya sayar maka da inji, takardarsu ta fi ƙarfi, musamman in suna da shaidar ISO 17025. Kamfanin Caterpillar ma yana da nasa tsarin mai suna S·O·S. Matsalar ita ce hanya: kwalba na iya kwashe kwanaki kafin ta isa, in za ta ƙetare iyaka ma abin ya fi haka, inji kuwa yana ta aiki.

A ganinmu, ga yawancin masu injina a nan, raba aikin ya fi. A yi ƙananan gwaji a gida: ɗigon mai a kan ƙarfe mai zafi, in ya yi tartsatsi akwai ruwa, ɗigo a kan takarda mai tsotsa yana nuna yawan dauɗa. Babban gwajin kuma a aika waje, misali duk bayan awa 250 na aikin injin gazuwal, ko yadda littafin injin ya ce.

In kun zaɓi wuri, ku tsaya masa. Sakamako ɗaya ba ya faɗin komai sai an jera shi da na baya, kuma awon wurare biyu ba ya zuwa daidai. Ku rubuta sunan inji, irin man, awannin da man ya yi da ranar ɗiba a jikin kowace kwalba.