Digirin Farko na Fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, digirin farko na fiziks shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB. Sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO ake shiga, ciki har da Turanci, lissafi da fiziks.

Lissafi ne ƙashin bayan karatun, kuma nan ne ɗalibai da dama ke jin jiki. A kansa ake ɗora darussan motsi, lantarki, zafi da haske, tare da gwaje-gwaje a ɗakin bincike. A shekarar ƙarshe kowa yana rubuta kundin bincikensa.

Jami'ar ce ke da na'urar binciken nukiliya ta farko a Najeriya, wadda ta fara aiki a 2004.