Ƙullun da Aka Zuba wa Dutse da Gumbar Sadaka: Tarihin Wata Muhawara a Ƙasar Kabi

A haikalin Jagannat da ke Puri ta ƙasar Indiya, ana dafa abinci cikin tukwanen ƙasa, a gabatar wa abin bauta, sannan a raba wa masu ziyara. Sunansa a wurinsu mahaprasad. Aƙidarsu ita ce abin bautar ya fara karɓa, saboda haka ragowar ta zama mai albarka ga wanda ya ci. Mai nazari ba ya bukatar zuwa Indiya don ganin makamancin haka, domin ƙasar Hausa ta san shi tun kafin jihadi.

A cikin Nurul Albabi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kasa mutanen ƙasar Hausa gida uku: Musulmi tsantsa, da waɗanda ba su taɓa musulunta ba, da masu gauraya Musulunci da ayyukan kafirci. Daga alamomin kashi na uku ya ambaci girmama itatuwa da duwatsu ta hanyar yanka a gindinsu, da ba da sadaka a wurin, da zuba musu ƙullu. Wannan da'awa ta iso ƙasar Kabi da wuri. Almajirinsa Malam Abdussalami ya zauna da jama'arsa a Gimbana, kusa da Jega ta yau, kuma harin da rundunar Gobir ta kai musu zamanin Yunfa yana cikin abin da ya kai ga hijirar Gudu a 1804. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega a ƙarƙashin Gwandu.

Sai dai malamai ba su haɗu a kan hukunci ɗaya ba. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno, cikin wasiƙun da Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, ya yarda cewa kai sadaka irin waɗannan wurare bidi'a ce abar ƙi, amma ya ƙi kafirta mai yin ta, tunda bai nufi bautar wanin Allah ba. Bello ya mayar masa da cewa yanka don itace ko dutse shirka ne a kansa. Saɓanin yana da nauyi, domin a kansa aka gina halaccin yaƙar sarakunan da ke kiran kansu Musulmi.

Alƙur'ani ya ba da ma'auni. Aya ta 136 a Suratul An'am ta zargi mushirikai da keɓe wa gumaka rabo daga amfanin gona da dabbobi. Aya ta 37 a Suratul Hajji kuwa ta bayyana cewa taƙawar mai yanka ce ke isa ga Allah, nama da jini ba sa isa gare Shi. Don haka albarkar sadaka tana ga niyyar mai bayarwa da bukatar mai karɓa, abincin kansa bai sauya ba.

A Jega da Aliero da Maiyama har yau ana daka gumba, ana toya masa, a raba ranar uku da bakwai da arba'in ta mamaci. Tun kafuwar Izala a 1978 malamai ke jayayya kan keɓe waɗannan ranaku. Ya wajaba ɗalibi ya bambance: wannan gardama ce kan sunna da bidi'a, waccan ta ƙarni na 19 kan tauhidi da shirka. Wanda ya cakuɗa su zai iya kafirta maƙwabcin da ya ciyar da almajirai don Allah. Allah ne mafi sani.