Minti Biyu Cikin Goma: Tarihin Ƙaramin Injin Walda Mai Yawan Ɗaukewa

A bayan kusan kowane ƙaramin injin walda mai tura waya akwai wani ɗan allo da masu saye ba su cika dubawa ba. A jikin irin waɗanda ake sayarwa don gareji da ƙananan shaguna a Amurka, sau da yawa abin da aka rubuta shi ne ampiya 90, kashi 20 cikin ɗari. Fassararsa ita ce injin zai yi aiki da wannan ƙarfi na minti biyu, sannan ya huta minti takwas. Wanda bai san haka ba, idan injin ya ɗauke ana tsakiyar ɗinke ƙarfe, sai ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma galibi injin yana biyan wani bashi ne da aka ci tun kafin a ƙera shi, domin asalinsa na'urar masana'anta ce da aka yi ta ragewa har ta shiga soket ɗin gida.

Walda da lantarki ta girmi wannan inji da shekaru fiye da sittin. A 1885 Nikolai Benardos, ɗan daular Rasha, da abokin aikinsa Stanislaw Olszewski suka yi rajistar hanyar haɗa ƙarafa da harshen wutar lantarki ta amfani da sandar gawayi. A 1888 Nikolai Slavyanov ya maye gurbin gawayin da sandar ƙarfe mai narkewa. Daga baya Oscar Kjellberg, wanda ya kafa kamfanin ESAB a Suwidin a 1904, ya lulluɓe sandar da wani haɗi da ke kare narkakken ƙarfe daga iska. Jikar wannan sanda ce ke hannun masu walda a bakin titunan Kano da Maraɗi har yau. Aibinta ɗaya: tana ƙarewa. Kowane ɗan lokaci sai mai walda ya tsaya, ya jefar da guntu, ya sa sabuwa, ya kankare ɓawon da ya taru. Masu masana'antu sun ɗauki wannan tsayawa asara ce. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a cikin wannan tsayawar ne injin yake shan iska.

Neman sandar da ba ta ƙarewa ya ɗauki lokaci. A 1920 P. O. Nobel na kamfanin General Electric ya fito da na'ura mai tura waya tsirara da kanta, sai dai babu abin da ke kare ɗinkin daga iska, don haka ingancinsa bai kai ba. Sai a 1948 aka haɗa abubuwan wuri ɗaya a cibiyar bincike ta Battelle da ke Kolombos a jihar Ohayo, da kuɗin kamfanin Air Reduction: siririyar waya mai fitowa daga naɗi ba yankewa, iskar gas mai lulluɓe wurin da ake narkarwa, da injin wuta mai riƙe volt ɗinsa a mataki ɗaya. An fara amfani da ita a kan alminiyam, domin gas irin su argon suna da tsada, ba su dace da aikin baƙin ƙarfe na yau da kullum ba. A 1953 Lyubavskii da Novozhilov a Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa iskar kabon dayoksaid mai araha za ta iya yin aikin a kan baƙin ƙarfe. Tsakanin 1958 da 1959 aka gano yadda za a yi walda da waya mafi siranta da wuta kaɗan, inda bakin wayar ke taɓa narkakken ƙarfen sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Wannan ne ya buɗe ƙofar walda a kan falle marar kauri kamar jikin mota. A 1959 kuma kamfanin Lincoln Electric ya fitar da waya mai rami wadda aka cusa wa hodar kariya a cikinta, ba ta bukatar tukunyar gas. Da waɗannan biyun na ƙarshe, babu sauran abin da ya hana a ƙera injin da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu.

Babu abin da ya hana, ban da soket. Wutar gida a Amurka volt 120 ce, kuma layin da ke kai ta ɗaki yana da bireka mai ɗaukar ampiya 15 ko 20. Ko da na 20 ne, iyakar abin da zai bayar wat 2,400 ne. Walda da ampiya 90 a kan volt 18 ko 19 tana cin kusan wat 1,700 a bakin wayar kaɗai, ba a lissafa abin da ke salwanta a cikin injin ba. Wato injin yana aiki ne a bakin iyakar abin da gidan zai iya ba shi. Idan akwai firji ko injin niƙa ƙarfe a kan layi ɗaya, bireka za ta faɗi. Idan an jona shi da doguwar waya siririya, volt zai ragu kafin ya iso, harshen wutar ya riƙa sarƙewa. A ƙasashen da ke amfani da volt 220 zuwa 230, kamar Najeriya da Nijar, ampiyar da injin ke ja daga bango kusan rabi ce, amma sauƙin bai cika isowa hannun mai shago ba: wutar da ta zo a raunane, ko ƙaramin janareto da ke numfarfashi da zarar an taɓa ƙarfe, suna haifar da matsala iri ɗaya. Injinan zamani marasa nauyi, masu aiki da allon lantarki maimakon katon taransifoma, da yawansu kashe kansu suke yi da zarar volt ya sauka ƙasa da abin da aka tsara musu.

Bashi na biyu shi ne zafi, kuma shi ne ya fi rikita mutane. Tun farkon shekarun 1840 James Joule ya nuna cewa zafin da waya ke haifarwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke ratsa ta. Idan aka ninka wutar sau biyu, zafin ninkuwa yake yi sau huɗu. Babban injin masana'anta yana da jan ƙarfe mai kauri da ƙarfen taransifoma mai yawa, don haka zai iya wuni yana aiki. Don a rage nauyi da farashi, sai aka rage jan ƙarfen, wani lokaci aka maye shi da alminiyam, aka sa ƙaramar fanka. Abin da aka rage a ƙarfe sai aka biya shi da lokaci, kuma wannan shi ne kashi 20 ɗin da ke kan allo. Ƙa'idar Joule tana da fuska mai daɗi: injin da ke yin minti biyu a ampiya 90, idan aka sauke shi zuwa wajen ampiya 40, lissafi ya nuna zai iya aiki ba tsayawa. Akwai kuma batun yanayi. Ma'aunin duniya na injinan walda yana auna wannan kaso ne a zafin digiri 40, amma wasu masu ƙera na araha suna aunawa a ɗaki mai sanyi don lambar ta yi kyau. Injin da aka yi wa irin wannan awo, idan ya sauka Sakkwato a watan Afrilu, a rumfar kwano, ga ƙurar da ta toshe masa kafofin iska, minti biyun ma ba zai cika ba.

Abin da ke yanke wutar idan zafi ya yi yawa, a injina masu taransifoma, wani ɗan makunni ne da aka manna a jikin naɗin jan ƙarfen. A cikinsa akwai falle biyu na ƙarafa daban-daban da aka haɗe. Da yake ɗaya ya fi ɗaya saurin buɗewa da zafi, sai fallen ya lanƙwashe ya raba hanyar wuta. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai: John Harrison, maƙerin agogo na Ingila, ya yi amfani da ita a agogonsa na uku na jiragen ruwa, wanda ya kammala a 1759. Akwai masu gyara da ke haɗe wayoyin wannan makunni don injin ya daina ɗaukewa. Lallai zai daina, na ɗan lokaci. Fentin da ke raba zagayen wayar taransifoma da juna zai ƙone, zagayen su haɗu, kuma kuɗin sake naɗi kan kusanci kuɗin sabon inji. Ko kashe injin daga soket idan ya ɗauke kuskure ne, domin an kashe fankar da ke sanyaya shi ke nan.

Sai dai ba kowace ɗaukewa ce ta zafi ko ta wuta ba, kuma a nan ne gadon 1948 ya fi bayyana. Injin da ke riƙe volt a mataki ɗaya yana gyara kansa: idan wayar ta matso kusa da ƙarfe, wuta ta ƙaru ta narkar da ita da sauri, idan ta yi nisa, wuta ta ragu. Hikimar ke nan da ta sa wanda bai ƙware ba yake iya walda da shi cikin 'yan kwanaki. Ita ce kuma ta sa maɓallin gudun waya, a zahiri, shi ne maɓallin ƙarfin wuta, abin da masu koyo da yawa ba su sani ba lokacin da suke murɗa shi sama suna mamakin zafin inji. Amma duk wannan gyaran kai ya dogara ne da sharaɗi ɗaya, cewa wayar tana tafiya sumul. Waya ce mai kaurin milimita 0.6 zuwa 0.9, ƙaramin moto yana tura ta ta tsakanin tayoyi biyu, ta ratsa bututu mai tsawon kusan mita uku, ta fito ta wani ɗan bakin jan ƙarfe inda take ɗaukar wuta. Duk wanda ya taɓa fama da zaren keken ɗinki ya san halin. Tsatsa a jikin wayar, bututun da ya lanƙwashe ko ya cika da datti, tayoyin da aka ɗaure da yawa ko aka sassauta, bakin da ya cinye ko wayar ta narke ta manne a cikinsa: kowanne zai sa wutar ta riƙa yankewa alhali injin lafiyarsa ƙalau. Haka maƙalin da ke mayar da wuta zuwa inji, idan an maƙala shi a kan fenti ko tsatsa. Haka kuma wanda ya sauya daga waya mai gas zuwa mai hoda ya manta bai juya wayoyin cikin inji ba, domin yawancin masu hodar suna son bindigar walda ta kasance a ɓangaren da ke da alamar ragi.

Saboda haka ƙwararru ba sa fara kwance inji. Kallo da sauraro suke fara yi. Idan komai ya mutu har fanka, a nemi matsalar a bango: bireka, soket, ko janareto. Idan fanka tana juyawa, fitilar gargaɗi ta kama, kuma bayan 'yan mintoci injin ya dawo da kansa, zafi ne. Idan fanka tana juyawa, babu fitila, amma wutar tana tsalle, sai a nuna bindigar sama a danna kunamarta a ga yadda wayar ke fita. In tana fita da gargada, matsalar tana hanyarta. In tana tsayawa cak duk lokacin da aka motsa igiyar, to siraran wayoyin kunamar ne suka karye a ciki. In kuwa tana fita lafiya, sai a koma ga maƙali, a goge ƙarfen har ya yi ƙyalli kafin a sake maƙalawa.

Mafi haɗari a cikin duka shi ne injin da bai ɗauke gaba ɗaya ba, ya dai raunana. Walda mai tura waya tana iya shimfiɗa ɗinki mai kyan gani a saman ƙarfe ba tare da ya ratsa ciki ba, musamman idan ƙarfen ya fi ƙarfin injin ko wutar ta zo a rage. A kan tagar gida, wannan ba wani abu ba ne. A kan maɗaurin tirela ko ƙafar tankin ruwa da aka ɗora a sama, ido ba ya gane irin wannan ɗinki sai ranar da aka ɗora masa nauyi.