Abin shan da ya fito daga littafi

Ni dai a cikin littafin Harry Potter na uku, wanda ya fito a 1999, na fara cin karo da Butterbeer. Ashe a ƙarni na 16 mutanen Ingila kan dafa irinsa: giya da man shanu, gwaiduwar ƙwai, sukari, kanumfari da citta, su sha da ɗuminta. Sai a 2010 wurin shaƙatawa na Universal da ke Orlando a Amurka ya fara sayar da Butterbeer wanda ba ya bugarwa.

Irinsa nake haɗa wa 'yata. In narka sukari da man shanu har ya yi ja, in tsiyaya lemo mai gas, in ɗora kumfar madara a sama. Takan kurɓa tana karatu, kumfa duk a leɓenta.